Amsa: wane kare ne ya dace da farauta a kurmi?

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kana farauta a dazukan wajen Bali ta jihar Taraba, inda doka da maje suka yi duhu, ga kurmi a bakin rafuka. Kana tambaya ko ka zuba kuɗinka a dogon karen Buzaye da ake kira Azawak, ko Jaman Shefad irin na 'yan sanda, ko kuwa ka tsaya ga karen gida. Shawarata ita ce ka nemi kwikwiyon gida wanda uwarsa da ubansa suke farauta a irin dajin nan naka.

A sarari kare da ido da gudu yake aiki. A kurmi kuwa, taku ashirin ya ɓace maka, shi ma naman ya ɓace masa. Abin da zai fisshe shi a nan hanci ne, da muryar da za ta gaya maka inda yake, da jikin da zai kutsa sarƙaƙiya ya fito lafiya, da halin komowa in an kira shi. Da waɗannan huɗun za ka auna kowane kare aka kawo maka.

Azawak daga kwarin Azawak ya fito, tsakanin Nijar da Mali. Tsayinsa a kafaɗa yakan kai santimita 60 zuwa 74, nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba, ga siririyar fata, gashi kaɗan. Wajen bin barewa da zomo a fili ba shi da na biyu. Amma a duhuwa ba inda zai buɗe ƙafa, ƙaya ta tsattsage shi, kututture ya buge masa dogayen ƙafafun, kuma da naman ya shige ciyawa sai ya tsaya yana raba ido, don ba da hanci ya saba nema ba. Jaman Shefad yana da hanci, wannan ba musu, sai dai asalinsa makiyayin tumaki ne a Jamus. Namiji yakan yi kilo 30 zuwa 40, gashinsa biyu ne, na ciki da na waje. Kafin hantsi ya dubi ludayi a watan Maris ya zazzago harshe ya nemi inuwa, ƙarangiya da kaska sun cika masa jiki, kuma ciwon da kaska ke sa wa kare ya fi yi wa irinsa mugun kamu. Bigil na Ingila ya fi su kusa da buƙatarka, don gajere ne, mai hanci da murya, amma dogayen kunnuwansa na tara danshi su ruɓe, kuma in ya kama ƙamshi da wuya ya ji kira.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe karnukan waje a yankinku shi ne ƙudan tsando da ke bakin rafi, mai sa sammore. Karen da aka haifa a wurin, kaka da kakanni, ya fi jurewa. Baƙo kuwa sai ka ga ya rame, dasashi ya yi fari, ido ya yi hazo, fuska ta kumbura, cikin 'yan makonni ya tafi. Ko na gidan ma, in ka ga waɗannan alamu kai shi wurin likitan dabbobi. Kada ka ɗebo Berenil na shanu ka tsira masa da ka, domin tsakanin adadin da ke warkar da kare da wanda ke taɓa masa ƙwaƙwalwa tazarar kaɗan ce, kuma ba a maimaita allurar kusa da kusa.

To, a cikin na gida ma ba kowanne ba. Je wurin maharbin da aka san karnukansa, ka roƙe shi ka bi su daji ko sau ɗaya, ka ga uwar da idonka: tana sa hanci ƙasa? Tana haushi in ta ritsa nama? Tana dawowa da ta ji ƙaho ko fito? Kwikwiyon kuma kada a raba shi da nono kafin mako takwas. Ranar zaɓe, ja fatar zomo ko ta gyazbi a ƙasa kamar taku talatin, ka lanƙwasa hanya sau biyu, ka ɓoye ta bayan rumbu, ba tare da sun gani ba. Saki su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya dafe hancinsa a ƙasa, ya ɓata a kwana ya koma baya ya sake kamo sawun, shi ne naka, ko da shi ne mafi muni a cikinsu. Sai ka buga kwano daga nesa. Wanda ya zabura ya dawo yana leƙe ya yi, wanda ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa ba zai jure ƙarar bindiga ba. Juya tafin ƙafarsa: yatsu a haɗe, tafin da kauri, don tofa da kututturen ciyawar da aka ƙone su ne ke fara gurgunta kare. Matsakaici ya fi, wanda in ya girma zai tsaya wajen kilo 15 zuwa 20, mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa.

Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba, wato launi. Jan kare a cikin duhuwa kamarsa ɗaya da mazo ko gada, kuma ta nan ake harbe karnuka bisa kuskure. Zaɓi mai fari a wuya da ƙirji, ko ka ɗaura masa ƙyalle mai haske. Ka kuma rataya masa ƙararrawa. Maharban kurmin Kwango haka suke yi wa karensu Basenji, wanda ba ya haushi, don su san inda ya nufa. Sai dai igiyar wuyan ta zama mai tsinkewa in an ja da ƙarfi, in ba haka ba reshe ya maƙale ta ya shaƙe shi inda ba za ka gan shi ba.

Kada zafin zuciya ya ruɗe ka. Karen da ke faɗa wa komai gaba gaɗi ba ya tsufa a daji: mugun dawa zai farke masa ciki da haure, gwaggon biri ya yage shi, beguwa ta cika masa fuska da ƙaya. Wanda ake so shi ne mai zagaya naman yana haushi, ya tsare shi har ka iso. Shi ya sa uku masu hali daban suka fi goma masu hali ɗaya: ɗaya mai hanci ya tayar, ɗaya mai ƙafa ya tare gaba, ɗaya mai ƙarfi ya riƙe.

Rigakafi kuma ba a wasa da shi. Allurar ciwon gudawar jini da sauran cututtukan ƙuruciya ana farawa a mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa duk mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Ta haukan kare a wata uku, sannan duk shekara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin ta. Maganin tsutsar ciki duk wata uku in ya girma, kuma a daina jefa masa ɗanyen kayan cikin nama. Duk dawowa daga daji a duba kunne, hammata da tsakanin yatsu a cire kaska.

Horo kuwa, kira ne farko, tun a tsakar gida, da ɗan nama a hannu. A wata shida ya fara gajerun fita da sassafe, daga wata takwas zuwa shekara ya bi tsohon kare natsattse, don halin wanda ya bi shi zai ɗauka. Ƙarar bindiga a fara masa daga nesa, kamar mita 100, lokacin da yake cin abinci, a riƙa matsowa a hankali. Koya masa sakin abin da ya kama ba tare da ya ci ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida horarriyar dabbar farauta ta ambata, tare da ambaton sunan Allah, kuma in ka tarar da naman da rai sai ka yanka. A ciyar da shi sosai da daddare, kada a cika masa ciki da safiyar fita. Kare mai kilo 18 yana shan wajen lita ɗaya a ranar hutu, ranar aiki ka riƙe masa ninki biyu a gora. In gamsheƙa ta tofa masa dafi a ido, da ruwan nan za ka yi ta wankewa nan take. Ka kuma kula da iyakar gandun dajin Gashaka-Gumti, don an hana farauta a cikinsa, kare kuwa bai san iyaka ba in ya kama sawu.

Allah ya ba da sa'a.