Lissafin wata a allon Mamari da batun neman rana a cikinsa

Ɗana, ka tambaye ni ko alamar nan mai kama da tauraro da kake yawan gani a allunan rongorongo, wato tsohon rubutun tsibirin Rapa Nui da ke tekun Pasifik, rana take nufi, kuma ko za ka iya bin sawunta ka fitar da kalandar shekara mai kwana 365, kamar yadda aka fitar da lissafin wata daga allon Mamari, ɗaya daga cikin allunan. Shawarata ita ce ka dakata, ka fara sanin dalilin da ya sa masana suka yarda da lissafin watan, domin wannan dalilin ne ba ka da shi a batun rana.

Ɗauki hoton allon Mamari ka sa a gabanka. Katako ne da aka sassaƙa wa alamomi kimanin 1,000, yana ajiye a birnin Rum, kuma ana karanta shi ne daga ƙasa ta hannun hagu, in an kai ƙarshen layi a juya allon kansa ƙasa sannan a ci gaba. Daga ƙarshen layi na 6 zuwa farkon layi na 9 na fuskar farko, za ka ga jinjirin wata yana ta maimaituwa, a tsakiyar jerin kuma akwai wata alama mai siffar ƙwai da ɗan mutum zaune a cikinta, wadda aka ɗauka cikar wata ce. Sa ido sosai a kan kifayen da ke rataye a ƙarshen rukunonin alamomin da ke raba dararen. Kafin cikar wata kawunansu sama suke kallo, bayan cikarsa kuwa sai su koma ƙasa. Wanda ya sassaƙa wannan ya san girman wata da raguwarsa, kuma da gangan ya juya kifin.

Masani Thomas Barthel, wanda ya ba alamomin lambobi, shi ne ya gane wannan wuri a 1958, Jacques Guy kuma ya zurfafa bincike a kansa a 1990. Amma ba kamannin jinjirin wata kaɗai ya gamsar da mutane ba. A 1886 wani jami'in jirgin ruwan Amurka, William Thomson, ya rubuta sunayen dararen wata daga bakin mutanen tsibirin, kuma a cikin jerin akwai darare shida a jere, da wasu biyar, waɗanda ba su da sunan kansu, ana kiransu kokore ne kawai tare da lamba. Da aka koma kan allon sai aka tarar da jinjirin wata shida a jere ba tare da wata alama a gefensu ba, can gaba kuma biyar. Katako ya faɗi magana, bakin mutane ya faɗi irinta, alhali Thomson bai san da wannan lissafi a allon ba. Wannan ce shaidar da nake girmamawa, kuma duk da ita har yau babu wanda ya iya furta layukan nan kalma bayan kalma.

To, ina irin wannan shaida a batun rana? Alamar da kake magana a kai tana iya zama rana, ko tauraro, ko wuta, ko fure. A 1873 Bishop Jaussen ya sa Metoro, ɗan tsibirin, ya rera masa allunan a Tahiti, sai ya zamana yana faɗin abin da kowane zane ya yi kama da shi ne kawai, saboda harin masu kamen bayi daga Peru a 1862 da cututtukan da suka biyo baya sun riga sun tafi da masana rubutun. Rubuce-rubucen da suka rage ba su kai 30 ba. A irin wannan ƙarancin, duk wanda ya ƙudurta sai ya samu 365 zai same shi, in dai shi ne ke zaɓen inda zai fara ƙirga da inda zai tsaya.

Ban ce mutanen Rapa Nui ba su kula da shekarar rana ba. Wata goma sha biyu kwana 354 ne, ya gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, kuma manomin dankali da masunci ba za su bar kakarsu tana zamewa haka ba. Thomson ya rubuta sunayen watanni 13, Guy kuma ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu wata ne da ake ƙarawa lokaci-lokaci don a daidaita lissafi. A sassa da dama na Polinesiya fitowar taurarin Matariki, wato kaza da 'ya'yanta, ita ke buɗe shekara, kamar yadda manominmu ke azumi da watan Hijira amma yake duban taurari don sanin lokacin shuka. Sai dai duk wannan daga baki aka same shi, ba daga allo ba.

Saboda haka ga aikin da zan ba ka. Bi allunan ɗaya bayan ɗaya da lambobin Barthel, ka rubuta kowane wuri da alamar taka ta fito, da abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, har da wuraren da suka ɓata maka lissafi. Kada ka ba ta suna tukuna, ka kira ta da lambarta. Idan ka ga tana zuwa cikin tsari mai maimaituwa da ya kai 12 ko 13, ka kawo mini mu gwada shi da jerin watannin Thomson.