Tambaya da Amsa: Tsawon bindiga da dokokin jihohin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana zaune a jihar Mishigan ta Amurka, kuma ya gaya mini cewa doguwar bindigar da ya so ya saya, irin wadda ake ninke gindinta, hukumomin jihar suna lissafa ta a matsayin ƙaramar bindigar hannu, alhali a jihar Teksas ba haka ake kallon ta ba. Ta yaya bindiga ɗaya za ta samu hukunci biyu a ƙasa ɗaya? Daga mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mamakinka yana da dalili, domin mu a Kamaru doka ɗaya ce ke fitowa daga Yawunde, wato dokar makamai ta 14 ga Disamba 2016, kuma abin da jandarma zai tambaye ka a Garwa shi ne zai tambayi mutumin Marwa ko Kusuri. Amurka kuwa tarayya ce ta jihohi 50, kowacce da majalisarta, saboda haka mai bindiga yana ƙarƙashin doka biyu a lokaci guda.

Dokar tarayya ta samo asali ne a shekarar 1934, bayan ta'asar gungun 'yan daba irin na Al Capone a Shikago. Yadda take a yau, duk doguwar bindigar da bututunta bai kai inci 16 ba, kimanin santimita 41, ko kuma tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, kimanin santimita 66, to sai an yi mata rajista ta musamman a hukumar ATF, wato hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, kuma wanda aka kama da ita babu rajista yana iya shan ɗaurin shekara 10. Harajin da aka ɗora mata tun farko dala 200 ne, kuɗi mai nauyi ƙwarai a wancan zamani. Hikimar ita ce bindigar da aka gajarta tana shiga ƙarƙashin riga cikin sauƙi. Abin lura a nan shi ne, daftarin farko ya haɗa har da ƙananan bindigogin hannu, amma aka cire su kafin a zartar, sai aka wayi gari ana tsananta wa gajeriyar raifil, wato doguwar bindigar da aka gajarta, alhali fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, wadda ta fi ta sauƙin ɓoyewa, ba ta cikin wannan ƙa'ida. A ganina wannan ne tushen yawancin ruɗanin.

Batun ƙanenka ya ta'allaƙa ne a kan yadda ake awo. Hukumar tarayya tana auna raifil ne bayan an miƙe gindinta. Mishigan kuwa tana aunawa a ninke, kuma a dokarta duk bindigar da ba ta wuce inci 26 ba fistol ce. Ka ɗauki bindiga mai inci 35 a miƙe wadda take komawa inci 25 idan an ninke ta: a wurin tarayya raifil ce cikakkiya, a Mishigan kuma dokokin fistol ne za su hau kanta, har da shigar da bayananta wurin 'yan sanda. Kalifoniya ta fi tsanani, domin raifil mai sarrafa harsashi da kanta idan ba ta kai inci 30 ba, a ninke ɗin ma, tana faɗawa jerin makaman da aka haramta. Jihohi irin su Niyok da Hawai kuwa ba su yarda farar hula ya mallaki gajeriyar raifil ba, ko da ya samu takardar tarayya.

Shawarata ga ƙanenka ita ce ya sa dillali mai lasisi ya auna bindigar a gabansa ta fuska biyu, a miƙe da kuma a ninke, kafin ya biya ko sisi, sannan idan zai ƙaura zuwa wata jiha ya fara duba dokarta tukuna, tun da gajeriyar raifil mai rajista ba a tsallaka iyakar jiha da ita sai da izinin ATF a rubuce.