Tambaya da Amsa: Shirye-shiryen Gwamnati na Koyar da Sana'a da Rancen Karatu

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani matashi ɗan shekara ashirin da biyu a Funtuwa:

"Assalamu alaikum. Na kammala sakandare amma ban samu kiredit a Turanci da lissafi ba, saboda haka yanzu ina zuwa shagon walda na kawuna ina taya shi aiki. Wani mutum a unguwarmu ya ce idan na ba shi naira dubu goma sha biyar zai sa sunana a cikin waɗanda gwamnati za ta koya wa sana'a, har da alawus duk wata da kayan aiki idan an gama. Shin akwai irin wannan shiri da gaske, kuma ya kamata in biya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shirye-shiryen akwai su, amma kada ka ba mutumin nan ko sisi. Babu wani shirin gwamnatin tarayya na koyar da sana'a da ake sayen gurbinsa, kuma iyakar abin da za ka kashe shi ne ladan mai kwamfuta da zai cike maka fom a intanet ya buga maka takardar. Mai karɓar kuɗi da sunan "sa suna" ko dai ya cike maka fom ɗin da kowa ke iya cikewa kyauta, ko kuma ya cinye kuɗin ya ce maka ana nan ana jiran jerin sunaye daga Abuja. Abin da ya fi asarar kuɗin haɗari shi ne miƙa masa lambarka ta NIN da ta BVN da lambar wayar da ke haɗe da asusunka na banki, domin da waɗannan ne 'yan damfara ke karɓar kuɗi da sunan mutum ba tare da ya sani ba.

Hukumar da ta fi dacewa da irin halin da kake ciki ita ce Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda aka ƙirƙiro a 1986 a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya jefa mutane da yawa cikin zaman kashe wando. Tana da ofis a babban birnin kowace jiha, kuma tsarinta na koyon sana'a bai yi nisa da wanda ka sani ba: ana tura matashi wurin wani ƙwararre, tela ko kafinta ko bakanike ko mai gyaran waya, ya zauna a ƙarƙashinsa na wasu watanni har a yaye shi. Akwai kuma Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, wanda shi ma yake ɗaukar matasa lokaci zuwa lokaci yana horar da su a fannoni kamar walda da aikin famfo da haɗa wutar lantarki. Ka je ofishin da ƙafarka ka tambayi lokacin ɗaukar sababbi, ka kuma riƙa sauraron sanarwa a rediyo.

Sai dai akwai abin da na lura da shi a wasiƙarka wanda kai kanka ba ka ba shi muhimmanci ba. Kana da abin da dubban masu rububin waɗannan fom-fom suke nema, wato shago da ubangida da injin walda da kake taɓawa kullum. Horon wata uku ko shida ba zai ba ka abin da shekara biyu a gefen kawunka za ta ba ka ba, matuƙar yana barin ka ka auna ƙarfe ka yanka ka haɗa ƙyaure daga farko har ƙarshe, ba aiken sayen waya da goge tsatsa kaɗai ba. Abin da ka rasa shi ne takardar shaida, kuma ita ce ke raba mai walda na bakin titi da wanda kamfanin gine-gine zai ɗauka ko a ba shi kwangila. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana shirya jarrabawar gwajin sana'a da aka fi sani da Trade Test, mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, NBTE, da ke Kaduna ita ma tana da tsarin tantance ƙwarewar da mutum ya koya a shago a ba shi shaida a kanta, kuma masu sana'a a tsohuwar kasuwar Panteka ta Kaduna suna cikin waɗanda aka fara wannan aiki da su.

Batun Turanci da lissafi kuwa, ƙofarsa ba ta rufe ba. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, haka ma NABTEB, wadda aka kafa a 1992 musamman domin ɗaliban fasaha da kasuwanci. Dubu goma sha biyar ɗin nan gara ka tara su a kan kuɗin rajista.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwa ce a Gusau:

"'Yata ta samu gurbin karatu a kwalejin kimiyya da fasaha, mahaifinta ya rasu, kuma kuɗin rajista ya fi ƙarfina. An ce gwamnati na ba da rance, amma ina tsoron kuɗin ruwa da kuma a zo a kama ni idan ta kasa biya."

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya kuma raya abin da ya bari. Rancen da ake magana a kansa shi ne na asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rancen karatu, wato NELFUND. An fara sa hannu a dokarsa a Yunin 2023, aka sake ta a Afrilun 2024, sannan aka buɗe shafin neman rancen a watan Mayun 2024. Bisa doka babu kuɗin ruwa a cikinsa, abin da aka ranta shi za a mayar. Sabuwar dokar ta kuma cire sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi, saboda haka bashin yana wuyan ɗalibar ne, ba a wuyanki ba. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga makarantar, kuɗin ɗawainiya kuma, wanda aka fara biya a kan naira dubu ashirin duk wata, yana shiga asusun ɗalibar idan ta nemi shi. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima, inda ake cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na ribar sana'a.

Sharaɗin da ya kamata ki fara dubawa shi ne makarantar ta kasance ta gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, kuma ta riga ta aika da bayanan ɗalibanta ga asusun, domin idan ba ta aika ba, shafin ba zai gane 'yarki ba ko da takardunta sun cika. Za ta buƙaci lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibi, kuma wajibi ne sunanta ya zo iri ɗaya a dukkansu. Wannan ƙaramin abu yana tsayar da ɗalibai da yawa a yankinmu, inda za ka ga Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko a sa sunan gari a madadin sunan mahaifi. A gyara wannan tun kafin a fara. Ina kuma ba ki shawarar ki nemi abin da za a biya rajistar farko da shi daga dangi ko hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, saboda amincewa da rancen kan ɗauki lokaci, makaranta kuwa tana da ranar rufe rajistarta.

Wani mai karatu daga Azare ya tambaya ko ya ci gaba da jiran N-Power. Shirin ya fara ne a 2016 a gwamnatin Muhammadu Buhari, yana biyan masu digiri da makamantansu naira dubu talatin a wata su koyar a firamare ko su yi aikin lafiya da na gona, kuma an dakatar da shi a Oktoban 2023 domin bincike, alhali wasu na bin bashin alawus. Ba na ganin hikimar jingina rayuwa a kansa. Idan kana da sha'awar aikin kwamfuta, ka duba shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa da aka ƙaddamar a ƙarshen 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku, amma ka sani horo yake bayarwa ba albashi ba, kuma za ka buƙaci waya mai kyau ko kwamfuta da kuɗin data.