Me Ya Sa Gindin Kariyata Yake Ruɓewa Da Damina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kariya mai jan fure na dasa a tukunya a tsakar gida, ina ba ta ruwa safe da yamma. Tun da damina ta kankama ganyenta yake yin rawaya yana zuba, gindinta kuma ya yi laushi. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwa ne ya yi mata yawa. Kariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, tana fitowa da kanta a busassun dazuzzukan Sahel, daga Senegal har Sudan, kuma wannan kumburarren gindi nata rumbu ne da take ajiye ruwan da zai kai ta ƙarshen rani. Idan aka haɗa mata bayi safe da yamma da markar watan Agusta, saiwarta ba ta samun iska, sai ruɓa ta kama ta daga ƙasa.

Ki tumɓuke ta yau, ki karkaɗe ƙasar, ki latsa gindin da yatsa. Duk inda ya lotsa ko ya yi baƙi, ki yanke shi da wuƙa mai tsabta har sai kin iske fari mai tauri, sannan ki barbaɗa toka a wurin, ki ajiye ta a inuwa kamar mako guda yankan ya bushe. Ki sa leda a hannu kafin ki fara, domin ruwan jikinta dafi ne, har maharba kan shafa shi a kibiya. Kada yara ko awaki su kusance ta.

Wajen sake dasawa, ki nemi tukunyar ƙasa mai huji a gindi, ki haɗa yashi kashi 2 da ƙasar lambu kashi 1, da ɗan dakakken gawayi. Ki bar saman gindin a waje, ki ɗora tukunyar a kan bulo inda rana za ta same ta aƙalla awa 6, nesa da indararo. Kada ki ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau.

Takin yuriya kuwa ban ba ki shawararsa ba, ganye kawai yake sa ta. Idan hunturu ya shigo ta kaɗe ganyenta, kada hankalinki ya tashi har ki koma ga bayi, domin a kan waɗannan tsirarun rassan ne furen yake fitowa da rani.