Gara da Tururuwa: Dangi Ne ko Maƙwabta?

Tambaya: Malam, a gonarmu da ke bakin makiyaya akwai suri, kusa da shi kuma ga gidan tururuwa. Shin gara wata irin farar tururuwa ce, kuma wacce ta fi yi wa manomi ɓarna? Daga wani manomi a Daura.

Amsa: Ba su haɗa dangi ba, duk da cewa kowacce tana zaman taro ƙarƙashin sarauniya. Masana ƙwari sun tabbatar da cewa gara 'yar'uwar kyankyaso ce, ita kuwa tururuwa danginta su ne ƙudan zuma da rina. Idan ka duba da kyau, za ka ga ƙugun tururuwa a tsuke yake kuma jikinta da tauri, alhali gara jikinta laushi gare shi, ba ya jure rana, shi ya sa take lulluɓe hanyarta da laka duk inda za ta bi.

Abincinsu ne ya fi raba su. Tururuwa mai tarawa ce: tana jidar ƙwayar gero da irin ciyawa zuwa rumbunanta na ƙarƙashin ƙasa, har a yunwar 2005 a Nijar an ga mutane suna tona gidajenta don neman hatsi. Garar da ke gina suri kuwa noma take yi. Tana tauna busasshiyar ciyawa da kara, ta tara su a ɗakunan cikin suri, wata irin funfuna ta tsiro a kai ta narkar da su, sannan ta ci. Sarauniyarta takan saka ƙwai fiye da dubu 10 a rana, sarki yana gefenta shekara da shekaru, abin da babu shi a gidan tururuwa, inda namiji ke mutuwa bayan barbara.

Game da ɓarna, ni ban cika ɗora wa gara laifi ba. Gaskiya ne tana cin rumbu, amma manoman Tawa a Nijar masu haƙa ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwan sama, suna zuba taki a ciki, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga faƙo. Tururuwa ce ke kwashe iri a daren shuka, don haka ka rufe raminka sosai, ka bar surin nan matuƙar yana nesa da rumbu.