Ku Tambaya Mu Amsa: Tun Daga Aji Huɗu Ake Zaɓen Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a SS2, ina son karanta injiniya. Abokaina kowa da abin da yake faɗa kan darussan da zan cike a JAMB, mai kafe (shagon intanet) ma nasa daban. A ina zan samu gaskiyar magana? Daga wani ɗalibi a Kurna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗanmu. Ka yi dabara da ka tambaya tun yanzu, don da yawa sai an rufe rajista suke gane sun yi kuskure. Gaskiyar magana tana cikin kundin kwasa-kwasai na hukumar JAMB, wanda yake a shafinta na intanet, a sashen da ake kira IBASS. Kyauta ne, da wayar hannu ma ana buɗe shi. Ka zaɓi makaranta, ka zaɓi kwas, sai ka duba abu uku: darussan da ake so ka ci a WAEC ko NECO, darussan da za ka rubuta a JAMB, da kuma sharaɗin da wannan makarantar ta ƙara nata na musamman. Na ukun nan shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ne yake kayar da yara.

A injiniya, darussan JAMB su ne Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son likitanci sai ya cire Lissafi ya sa Bayoloji. Jarrabawar darasi huɗu ce, maki 400, tambaya 180 cikin awa biyu, Turanci kuma dole ne a kan kowa. A sakamakon sakandare, ga mai son injiniya, ana neman kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Yaron da ya ci 260 amma ya sa Bayoloji a madadin Lissafi, na'ura ba za ta ma sa sunansa a jerin masu neman injiniya ba. Babu wani malami ko ɗan'uwa da zai iya gyara wannan sai dai a canja kwas.

Sai batun rajista, inda ake asarar shekara a kan ƙaramin abu. Tun 2021 ba a yin JAMB sai da lambar NIN. Ka ɗauko takardar NIN ɗinka yau, ka jera ta da takardar rajistar makaranta, ka bi suna harafi bayan harafi. In nan an rubuta Muhammad Sani Abdullahi, can kuma Sani Mohammed Abdullahi, ko ranar haihuwa ta bambanta, a gyara tun kafin a shiga SS3. Lambar rajista ana samun ta ne ta hanyar tura kalmar NIN da lambobinka 11 zuwa 55019 ko 66019. Layin da ka tura da shi ya zama naka ko na gida, wanda ba za a yar ba. Kada ka yarda a yi da layin mai kafe, kada kuma ka bar masa kalmar sirrinka. A cibiyar da JAMB ta amince da ita za ka yi rajista, kuma ka karanta abin da ke kan allon kwamfuta da idonka kafin a tura.

Bayan jarrabawa, ka tabbatar an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO a shafin JAMB, ka riƙa leƙa sashen CAPS na shafin, inda ake ba da gurbi kuma inda za ka danna ka karɓa. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, matsala ce ke jiran mutum lokacin bautar ƙasa.

A nan gida kana da Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil. Ka kuma duba Foliteknik ta Jihar Kano, shekara biyu ƙaramar difloma, shekara ɗaya sanin makamar aiki, shekara biyu babbar difloma.

Tambaya: 'Yata sau biyu tana neman likitanci ba ta samu ba, ta kuma ce ita in ba shi ba sai dai ta zauna. Ya zan yi da ita? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Rashin samun gurbin likitanci ba ya nuna yarinya ba ta da ƙoƙari. Masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba. Amma mu dai ba ma goyon bayan zaman gida shekara ta uku. Yaranmu da yawa likita da nas kaɗai suka sani a asibiti, alhali Jami'ar Bayero tana koyar da haɗa magunguna, likitancin haƙori, gwaje-gwajen jini, ɗaukar hoton cikin jiki, gashin ƙashi da kuma duba ido. Ga makarantun jinya da unguwarzoma, ga Makarantar Tsafta da ta Fasahar Lafiya duk a Kano, kuma kin san yadda mata suke neman mace ta duba su.

Kada ki tsaya a nasiha kawai. Ki nemi wata mai ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka a dangi ko a unguwa, ki kai yarinyar su zauna ko da rabin awa. Ta tambaye ta shekara nawa ta yi tana karatu, wane darasi ya fi ba ta wuya, yaya aikin dare yake ga mai aure, kuma a ina ake samun aiki bayan an gama. In kuma zuciyarta ta kafe a kan likitanci, akwai jarrabawar share fagen shiga jami'a ta IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take shiryawa, wadda ake shiga aji biyu da ita. Sai dai ita ma tana son maki mai yawa, kuma a fara tabbatarwa jami'ar da ake so tana karɓar ta a wannan kwas ɗin kafin a biya ko sisi.

Tambaya: Makarantarmu babu malamin ba da shawara. Me zan iya yi wa ɗalibaina? Daga wani malamin Lissafi a Dakata.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Ka fara da 'yan SS1 a makon da ake raba su kimiyya, adabi da kasuwanci, don a nan ake yanke hukuncin. Mai son zama lauya da ya ajiye Adabin Turanci ya rufe wa kansa ƙofa a jami'o'i da yawa bai sani ba. Ka buga sharuɗɗan kwasa-kwasai goma ko goma sha biyar da suka fi tambaya, ka liƙa a allon sanarwa, ka sabunta duk shekara domin ana canja su. Sau ɗaya a zango ka gayyato tsofaffin ɗalibai, har da wanda ya yi kwalejin ilimi da wanda ya bi hanyar sana'a da jarrabawar NABTEB, su zo su yi bayani da bakinsu. Ka roƙi shugaban makaranta ya sa a kira iyaye wannan zaman, tunda su ne za su biya kuɗin fom.