An Ɗauke Wayar Shago da Bayanan Manoma a Ciki: Shiru Zan Yi ko Magana?

Wani mai sayar da kayan noma a Sabon Garin Zariya ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Taki da iri da maganin feshi nake sayarwa. Duk damina ina ba manoman Giwa, Soba, Makarfi har Hunkuyi kaya bashi, su biya da kaka. Saboda gudun rigima, kowa sai na karɓi lambar wayarsa da ta asusunsa da hoton katin NIN, wasu har BVN. Duka suna cikin wayar shago, kusan mutum 600. Ranar Talata aka ɗauke wayar, ko makulli babu a kanta. Jiya manoma uku suka kira ni, wai an buga musu da sunan shagona an ce su karanto lambar da za ta shigo musu don a sa su a tallafin taki. Ɗaya ya karanta, aka kwashe masa naira dubu 85. Abokina ya ce in ja bakina kada in tona wa kaina asiri. Doka za ta kama ni? Kuma ni zan biya shi?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya mayar da alheri, Ya tsayar nan.

Abokinka na ƙaunarka, amma shawararsa ita za ta kai ka ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutum uku sun kira ka, saura ɗaruruwan da ɓarawon ke riƙe da lambobinsu, kuma a cikinsu babu wanda ya san cewa muryar da za ta gaishe shi da sunan shagonka ta ɗan damfara ce. Duk yinin da ka yi shiru, shi ka ba lokaci.

Saboda haka kafin maganar doka, yau ɗin nan ka je ofishin kamfanin layin ka sa a toshe shi a ba ka sabon sim da lambarka. Da zarar ka sake buɗe WhatsApp da lambar a wata waya, na hannun ɓarawo zai rufe. Canza kalmar sirrin imel da ta manhajar banki. Daga nan ka nemi manoman. Kada ka dogara da rubutu, da yawansu murya suka fi saurare. Yi gajeren saƙon murya da bakinka: an sace wayata, akwai bayananku ciki, ba ni da wani tallafi, duk wanda ya nemi lambar da banki ya turo muku ɓarawo ne. Wakilanka na ƙauyuka su kai maganar majalisu da kasuwanni. Shi kuma wanda aka kwashe wa kuɗi ya garzaya bankinsa ya shigar da koke, domin wani lokaci akan iya riƙe asusun da kuɗin suka faɗa kafin a cire su.

Yanzu doka. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, a Abuja. 'Yan kasuwarmu da yawa sun ɗauka ta bankuna ce da kamfanonin waya. Ba haka ba ne. Duk wanda ya tara bayanan mutane domin kasuwancinsa, shi ke yanke abin da za a yi da su, dokar ta hau kansa, ko yana da bene a Legas ko rumfa a Tudun Wada.

Sashe na 40 shi ne naka. Ya ce idan bayanan da ke hannunka suka fita ta yadda za su iya jefa masu su cikin haɗari, ka sanar da hukumar cikin awa 72 daga lokacin da ka sani. Lura, daga lokacin da ka sani, ba daga lokacin da ka gama bincike ba. Wayar ta ɓace Talata, to Juma'a wa'adin ke cika. In har ya wuce kafin ka karanta wannan, ka rubuta duk da haka, ka faɗi dalilin jinkiri. Ba sai ka haɗa komai ba, dokar ta yarda ka kai abin da ka sani yanzu, sauran ya biyo baya. Abin da suke son ji shi ne: me ya faru, wane irin bayani ya fita, kimanin mutum nawa, me ka yi a kai. Sashen ya ƙara da cewa idan haɗarin babba ne, a gaya wa masu bayanan nan take tare da shawarar yadda za su kare kansu, in kuma bin su ɗaiɗai zai gagara, a yi sanarwa ta kafar da jama'a ke bi. A wurin manomanka wannan kafa rediyo ce. Ka ga saƙon muryar da na ce ka yi ba kyautatawa kaɗai ba ce, sauke wajibi ne.

Tara kuwa hawa biyu ce. Manyan masu riƙe bayanai ana iya cin su har naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Sauran kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Kuɗin shiga fa aka ce, ba riba ba, kuma ka fi ni sanin tazarar da ke tsakanin cinikin taki da ribarsa. Wannan iyaka ce, ba abin da ake yanka wa kowa ba. Hukumar na duba girman sakaci da irin haɗin kan da mutum ya bayar. A nan ne littafin rubutu zai cece ka: rubuta ranar da wayar ta ɓace, sa'ar da ka toshe layi, waɗanda ka kira, ka ajiye takardar rahoton 'yan sanda. Kada ka goge komai da ya shafi wannan sata. Kuma in kana zargin wani yaron shago, ka faɗa wa 'yan sanda, ba mutanen layinku ba. Na sha ganin mai gaskiya ya koma wanda ake ƙara saboda ɓata suna.

Shin kai za ka biya dubu 85? Ba kai ka sata ba, kuma shi ma ya karanta lambar da bai kamata ba. Amma dokar ta ba wanda ya cutu damar neman diyya a kotu, ta kuma ɗora maka nauyin tsare abin da ka karɓa. Waya mai hotunan NIN 600 babu makulli, da wuya lauya ya wanke wannan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ni ne, zan zauna da shi gaban dattawa biyu, in rage masa wani kaso daga bashin da nake bin sa, a rubuta a sa hannu. Amma lauya ya duba takardar tukuna, shi ma rahoton da za ka kai wa hukumar ya gani kafin ka tura. Zariya ba ta rasa lauyoyi ba, sashen koyon aikin lauya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo na yaye su kowace shekara.

Abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarka shi ne BVN. Me mai ba da taki bashi zai yi da ita? Ba za ka iya cire bashinka da ita ba, ba ta kamo maka wanda ya gudu. Ga ɓarawo kuwa, BVN da ranar haihuwa da lambar waya su ne abin da yake karanta wa mutum har ya yarda daga banki ake kira. Dokar ma cewa ta yi a karɓi iya abin da buƙata ta kai. Suna, gari, lambar waya da mai tsaya masa sun ishe ka. Wanda ya biya bashinsa, goge hoton katinsa.

Sabuwar wayar da za ka saya, ka sa mata makulli, ka kunna lambar sirri ta biyu a WhatsApp, ta daina kwana a aljihun tebur ko yawo hannun yara. Lissafin bashi ya koma littafi a cikin akwati mai kwaɗo, kwafi ɗaya a gida. Ka kuma rubuta a bayan littafin wanda za a kira in irin haka ta sake faruwa kana hanyar Kano: lambar kamfanin layi, ta banki, ta lauyanka.